Yadda Muka Kai Baturiya Asibiti a Zariya

Tun da na dawo daga Zariya ban samu sakat ba a majalisarmu ta gindin darbejiya. Da zarar na zauna sai wani ya matso: "Malam Haruna, wai da gaske ne ka ga saniya mai taga?" Ɗan'asabe mahauci ya riga ni baza labarin a kasuwar Malumfashi, kuma a nasa labarin shi ne ya yi komai. To, ga yadda abin ya faru, don kowa ya ji sau ɗaya a bar ni in huta.

Baturiya saniyata ce. Uwarta bunaji ce, farar saniyar Fulani, ubanta kuwa wani bijimin ƙasar Turai ne da bai taɓa taka Malumfashi ba, allurar irinsa aka yi wa uwar. Ta fito baƙi da fari, ba tozo, ga hantsa kamar tulu. Ni noman masara nake yi, amma abin da ke riƙe da gidana kullum madararta ce, domin da ita mai ɗakina Hajara take yin kindirmo da yogot tana kai wa masu shaguna. Ga saniyar kuma da ciki.

Bayan an kwashe amfanin gona ne ta fara canjawa. Yau ta ci, gobe ta juya wa abinci baya. Ta daina tuƙa, sai dai ta tsaya tana cizon haƙora. Kashinta ya koma zawo mai kumfa da warin tsami. Madarar ta ragu, ta tsinke, Hajara ta kaɗa har hannunta ya gaji ba ta ga mai ba. In za ta yi tafiya kuma sai ta riƙa ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi. Ma'aikacin dabbobi na garinmu ya zo ya duba, ya yi mata allura, sannan ya gaya mini gaskiya: "Malam, ciwon nan a tumbi yake. Ina da zato, amma kayan tabbatarwa ba ni da su. Ka kai ta babban asibitin dabbobi a Zariya, kada ka yi jinkiri."

Na ɗauki shatar a-kori-kurar Yohana, maƙwabcinmu da ke dakon tumatir. Mahaifiyata, Inna, ta sa aka shimfiɗa tsohuwar katifarta a bayan motar, ta kuma lulluɓe saniyar da bargo. Muna shirin tashi sai ga Ɗan'asabe da wani abu dogo naɗe cikin tsumma.

"Ina zuwa?" na tambaye shi.

"Rakiya, Malam. Zumunci ai ya fi haka."

"Wannan na hannunka fa?"

"Allah ya ba ta lafiya. Amma in ta cika a hanya ba a yanka ba, mushe za ka dawo da shi. Ni da kai duk ba mu son haka."

Gaskiya ya faɗa. Ya haye baya ya zauna kusa da wuyanta.

Duk wanda ya san hanyar Funtuwa ya san ramukanta. Kowane rami muka faɗa sai in ji cikin Baturiya ya yi kwacal-kwacal kamar jarkar da ba a cika ba. Ita kuma da ta yi nishi sai Ɗan'asabe ya buga rufin mota: "Tsaya! Tsaya! Ta juya ido!" Yohana ya taka burki, mu fito a guje, mu tarar tana kallonmu. Kafin mu kai Bakori ya tsayar da mu har na daina lissafi. Daga baya ma ya kawo sabuwar doka, wai in za a tsaya Yohana ya riƙa juya motar yadda wuyanta zai fuskanci alƙibla, don kada a ɓata lokaci.

Yohana ya ce, "Ɗan'asabe, ni fa mara lafiya na ɗauko. In ka sake buga mini rufi, kai zan sauke, ita ta wuce."

A Funtuwa muka tsaya shan mai. Kafin a rufe tanki dillalai sun kewaye mu, wannan yana taɓa cinya, wancan yana buɗe mata baki. Na ce ba ta sayarwa ba ce, asibiti za mu. Nan take kowa ya zama likita. Wani ya ce kambun baka ne. Wani ya ce a ɗura mata man ja. Wani tsoho mai sayar da rake ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce abin da ke damunta kewar ƙasar ubanta ce, ba kuma ta da magani. Muka yi godiya muka wuce.

Tsakanin Funtuwa da Giwa, inda ƙasar Katsina ta ƙare, muka iske masu karɓar haraji sun tare hanya da igiya da katako mai ƙusoshi. Babbansu, wani mai jar riga da takalmi sau-ciki yana ƙyalli, ya leƙo.

"Wace kasuwa za a kai ta?"

"Ba kasuwa za mu ba, ranka ya daɗe. Asibiti."

"Wa ke ciwo?"

"Ita."

Ya kalli katifa, ya kalli bargo, ya kalli Ɗan'asabe da wuƙarsa a cinya. "Mara lafiya da mahauci a gefe? Malam, ni ba yaro ba ne. A wurinmu abu biyu ne ke wucewa, kaya ko fasinja. Wanne ce?"

Yohana ya ce fasinja ce. Mutumin ya ce to me ya sa ba ta zauna a gaba ba. Na ce to kaya ce. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin kaya da bargo ba. Ya zagaya baya don ya tabbatar da ciwon da idonsa, ya ɗaga bargon ta wajen wutsiya. Allah ne shaidata, ban ce mata komai ba. Baturiya ta ɗaga wutsiya ta ba shi hujja tun daga gwiwa har cikin takalmin nan. Ya tsaya cik. Warin tsamin ya game wurin, yaransa suka ja da baya.

"Janye igiya," ya ce a hankali. "Allah ya ba ta lafiya. Kada ku biyo ta nan in za ku dawo."

Mun isa asibitin rana ta ɗan karkata. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kati. Wani ma'aikaci ya tambaye ni sunan mara lafiya, na ce Haruna. Ya ce ba nawa ba, nata. Ya tambayi shekarunta, da haihuwarta, har da inda take kwana. Mai gadi kuwa ya hana Ɗan'asabe shiga da wuƙa, ko da yake ya rantse shi ɗan'uwan mara lafiya ne.

Mu a gida, kare in ya leƙo zaure da dutse ake tarbarsa. A can na ga kare kwance kan tebur ana masa ƙarin ruwa, ga fanka tana kaɗa masa, mai shi kuma, dattijo da babbar riga, yana shafa kansa yana cewa "sannu, sannu". Wata mata ta goyo kyanwa da zani. Ɗan'asabe ya raɗa mini cewa shi kansa bai taɓa samun gado mai kyan na karen nan ba.

Likitar da ta fito mace ce, yarinya a idona, da takalmin roba har gwiwa. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta manta da ni. Ta sa abin saurare a kwiɓin hagu na Baturiya ta kasa kunne. Ta miƙo mini ta ce in ji.

"Ban ji komai ba, Likita."

"Shi ne damuwar, Baba. Tumbin saniya mai lafiya ba ya shiru, juyawa yake yi kamar hadari na tasowa. Nata ya tsaya."

Ta dunƙule hannu ta tura cikin, ruwan ya yi kwacal. Ta duba kofatai, ta ce sun yi zafi. Sannan ta sa aka ɗebo kashin a rariya, ta kai bakin famfo ta wanke shi kamar mai wankin shinkafa. Abin da ya rage ta nuno mini: ƙwayoyin masara ne, lafiyarsu lau, ko shuka su ana iya yi.

"Me kake ba ta, Baba?"

Na gyara tsayuwa, domin a nan ba ni da abin kunya. Na ce harawa da kara, sai dusa daidai awo safe da yamma, yadda aka koya mini.

"Kai kaɗai kake ba ta abinci?"

"Ni kaɗai."

"Kira mini gida, ka sa kowa ya ji."

Na kira Hajara na buɗe murya. Likita ta gaishe ta, ta tambaye ta ko ta taɓa ba saniyar wani abu. Can Hajara ta ce, to, ba wani abu ba ne, tun da masara ta yi yawa a gida takan ƙara mata tsaki in Malam ya tafi gona, don madara ta ƙaru. Da ragowar ƙullun koko. Sai kuma burodin da ya kwana, wanda mai gidan burodin layinmu yake aiko wa a buhu.

"Burodi?" na ce. "Tun yaushe?"

Kafin ta amsa sai na ji muryar Inna ta karɓe wayar. "Wace ce ke tuhumar mutane? Ke 'yar nan, mai ciki ce fa! Mai ciki za a bari da kara kamar jaki?"

"A'a, Inna," in ji Likita. "Ke me kike ba ta?"

"Abin da nake ci. Tuwo in ya rage, ƙanzo, ɗan kunu da sukari da safe. Ranar nan da ta kwance igiya ta shiga masarar da aka shanya, ni na ce a ƙyale ta, rabonta ne."

Yohana ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ɗan'asabe kuwa ya gyaɗa kai ya ce shi dama tun da ya taɓa ta ya san naman nan ba na kara ba ne.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce labarin ya nuna hanya, amma sai ta gani da ido. Ta aske wani ɗan wuri a ƙasan kwiɓin hagu, ta goge da magani, ta soka doguwar allura ta zuƙo ruwan tumbin. Ta ce ana iya zura roba ta baki a janyo, sai dai yawu yakan gauraya da shi ya ɓoye gaskiyar tsamin. Ruwan ya fito fari-fari kamar tsinkakken kunu, yana wari irin na gasarar da ta kwana biyu. Ta tsoma wata 'yar siririyar takarda a ciki, takardar ta rine nan take. Ta kara ta da jerin launuka a jikin kwali, ta nuna mini inda lafiya take, ta nuna mini inda Baturiya take. Da nisa tsakani.

Daga nan ta ɗiga ruwan a gilashi ta sa a madubin likita. Ta fara nuna mini na wata saniya mai lafiya. Jama'a, na ga abin mamaki. Wasu 'yan halittu ne cunkus, suna kai da kawowa, suna bangazar juna kamar kasuwar Funtuwa ranar da ta ci. Ta ce su ne ke narka wa saniya ciyawa. Sannan ta sa na Baturiya. Ba mai motsi. 'Yan kaɗan da na gani suna kwance.

"Hatsi da burodi da tuwo in sun yi yawa, tsami suke yi a tumbi," in ji ta. "Ciyawa ce ke sa saniya tuƙa, tuƙa ke kawo yawu, yawun ke kashe tsamin. Ku kun cika ta da abin da ba ya buƙatar tuƙa. Tsamin ya kashe waɗannan, ya ƙona bangon tumbin, har ya sauka ƙafa. Zan yi iyakar ƙoƙarina a kanta. Ɗan cikin ne ba zan yi maka alkawari ba."

A nan dariya ta ƙare mini. Na tuna Hajara da robobin yogot ɗinta a jere ba komai a ciki.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗura mata wani farin gari da aka dama, mai kashe tsami. Sannan Likita ta ce sai an samo mata sababbin 'yan halittun nan daga wata saniya, mu biyo ta. Muka zagaya baya. Ga wata jar saniya tsaye tana cin ciyawa hankali kwance, a kwiɓinta kuma an dasa wani murfin roba mai faɗin faifai. Likita ta sa safar hannu har kafaɗa, ta cire murfin, ta zura hannu cikin saniyar, ta damƙo ciyawa tana tururi, ta matse ruwan a bokiti. Saniyar ko waiwaye ba ta yi ba. Na leƙa da idona, na ga abincin yana juyawa a ciki.

Sai na ji tim a bayana. Ɗan'asabe ne a ƙasa. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana farke cikin shanu, ya ga na mai rai sau ɗaya ya suma. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "An yanka ta ko ba a yanka ba?" Aka ce ba a yanka ba. Ya ce to shi a fitar da shi daga wurin nan.

Aka ɗura wa Baturiya ruwan nan da ɗuminsa, aka ba ta gado, wato wani ɗaki mai ciyawa a shimfiɗe. Mu kuma Yohana ya ce mu je Wusasa mu sauka gidan gwaggonsa, Mama Saratu, ya riga ya yi mata waya.

Tsohuwar nan ta karɓe mu kamar ta haife mu. Ta ba mu ɗakin baƙi, ta kawo buta da tabarma ta nuna mana gabas tun ba mu tambaya ba. Ta kawo faten tsaki da yakuwa, irin na mutanen Zazzau, mai ruwa-ruwa da tsami. A wata rana da na sha kwano biyu. Amma ranar, da na kalli launinsa na shaƙi tsaminsa, sai bokitin Likita ya faɗo mini. Ɗan'asabe ma ya ce azumi yake yi, alhali rana ta riga ta faɗi.

Mama Saratu ta zauna ta yi tagumi. "Sannu, Malam. Yohana ya ce Baturiyarka ce aka kwantar. Kun daɗe tare?"

"Tun tana ƙarama take wurina, Mama."

"Ikon Allah! Tana jin Hausa?"

Na ɗauka wasa take yi. Na ce, "Sunanta dai tana ji."

"Abincinmu fa, ta saba?"

"Shi ne ma ya kwantar da ita. Tuwo, ƙanzo, har dusa ba ta bari."

"Dusa!" Ta dafe ƙirji. "Kai Malam, ba ka kyauta ba. Danginta sun sani?"

"Uban yana Turai, ba mu taɓa ganinsa ba. Uwar kuma na sayar da ita bara."

Ta daɗe tana kallona. Ta tashi ta fice. Yohana yana gefe ya cusa kai cikin kwanon fate.

Da safe muna asibiti sai ga Mama Saratu da mata uku na zumuntar cocinsu, sun sha anko, ɗauke da kular abinci da fulas na shayi da cokali mai yatsu naɗe a adiko. Ta ce sun zo duba baƙuwa, kuma tana da magana da ni a gaban likita game da yadda nake riƙon 'yar mutane. Tun daga ƙofa ta fara mamakin asibitin da ake jin haushin karnuka. Na kai su ɗakin. Baturiya ta ɗago kai ta dube su, igiyar ƙarin ruwa a wuyanta.

Mama Saratu ta juya tana neman Yohana, shi kuwa tuni ya ɓuya bayan mota. Sai ɗaya daga cikin matan ta fashe da dariya, sauran suka bi, har da Likita. Da suka nutsu Mama ta ce tun da an riga an zo, ba za a koma da addu'a ba. Suka tsaya suka roƙa mata sauƙi da gaske. Sannan ta buɗe kular, soyayyar taliya ce da ƙwai, ta ce ko ɗan kaɗan a ba ta ta taɓa. Likita ta tare ƙofa da jikinta. Ɗan'asabe ne ya cinye, azuminsa ya ƙare.

Mun yi 'yan kwanaki a can. Ɗan cikin bai tsaya ba, ta zubar da shi, ɗan maraƙi namiji. Na kira Hajara na gaya mata, ta yi kuka, na ji Inna a gefe tana salati. Amma a ranar da za a sallame mu na iske Baturiya kwance tana juya muƙamuƙi a hankali. Tana tuƙa. Na kira Likita da ihu kamar gobara ta tashi. Ta saurari kwiɓin, ta miƙo mini, na ji hadarin nan yana tasowa can ciki.

Muka dawo ta wata hanya, kamar yadda aka roƙe mu. Ɗan'asabe ya karɓi wuƙarsa wurin mai gadi, ya zauna a gaba wannan karon, ya ce shi da zama kusa da cikin saniya sai an kwana biyu.

Yanzu Baturiya tana samun sauƙi. Madarar tana dawowa kaɗan-kaɗan, man ya fara fitowa, ƙafar baya ɗaya ce har yau take ɗingisawa. Dokar Likita kuwa na tara gida na karanta musu: ciyawa da harawa tukuna, dusa daidai awo a rarrabe, kuma daga hannu ɗaya. Hajara ta sallami mai burodi. Inna ce ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, wai na kwashi mota har Zariya don a gaya mini saniya ciyawa take ci.

A rana ta uku da safe ta aiko a kira ni. Na tarar da kwanon kunu da sukari, da ɗumamen tuwo, da ƙanzo jiƙe a gefe. Na ce, "Inna, na karya ai."

Ta turo kwanon gabana. "Ita an hana ta. Kai ma 'yar likitar ta hana ka ne?"

Na zauna na cinye. Haka ake yi kullum tun daga ranar, ga tsakin Hajara da ya koma fate da rana. Saboda haka in kun ga na zo majalisa ina dafe ƙirji ina gyatsa, ƙwannafi ne, kuma don Allah kada wanda ya gaya wa Ɗan'asabe.